Sunan da Ya Bi Ta Sama

Tun da na dawo daga gabas ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu, wato majalisar da muke zama da abokai, ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Lawali, wai da gaske saƙo ya hau sama ya sauko cikin salular Liman?" In na fara ba da labari sai a kira salla, ko wani ya shigo a ce in koma farko. Na kuma lura duk sanda na maimaita ina ƙara wa kaina kyau, ina rage wuraren da ya kamata in ji kunya. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru. Ni tela ne a Sassumbrum, lakwal ɗina, wato boko, bai wuce firamare ba. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya yi mini uzuri. Kuskuren da ke cikin halina kuwa, ni zan faɗe shi da bakina.

Mu biyu ne maza wurin Inna, ni da ƙanena Sani. Sani mahaƙin rijiya ne. In rani ya yi sai su ɗauki igiya da diga da guga, shi da maigidansa, su bi ƙauyuka. Bana aikin ya kai su can gabas, inda salula ba ta da amfani sai dai a haska fitilarta. Yana can matarsa Zainabu ta sauka ranar wata Alhamis, tun kafin lokacin da ungozoma ta zata. Namiji, kuma ɗan fari. Muka yi ta kiran lambarsa, matar nan ta cikin salula tana ta ba mu haƙuri da Faransanci.

Inna ta aika a kira ni. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, don ni ne ɗanta na fari. Tela take ce mini.

"Tela, ka tashi ka nemo ɗan'uwanka. In ba zai samu zuwa ba, ka karɓo sunan daga bakinsa. Sanda aka haife ka mahaifinku yana ci-rani, aka sa maka suna ba ya nan. Har ya koma ga Allah bara bai daina faɗa ba, wai ɗansa na fari wani ne ya zaɓa masa suna. Ba za a yi haka sau biyu a gidan nan ba."

Na ce to. Ga inda laifina ya fara. A fadarmu kowa yana da takwara, wani har biyu. Ni kaɗai ne ba a taɓa yi wa ba. 'Ya'yana mata ne, Allah ya raya mini su, kuma a dangi ba wanda ya tuna da ni. Abin ya daɗe yana cina ban faɗa wa kowa ba. Kafin in hau hanya sai na biya ta wurin Liman, na durƙusa na ce, "Malam, hanya ba ta da tabbas. In safiyar Alhamis ta yi ba ku ji daga gare mu ba, kada a tsai da jama'a. Sani ya taɓa ce mini in namiji ne sunana zai sa."

Sani bai taɓa ce mini haka ba. Liman ya dube ni ɗan lokaci, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Kabu-kabu ya kai ni Magaria. Wanda aka aika da gaggawa tasha zai wuce kai tsaye. Ni kuwa na sauka shagon wani abokina mai sai da yadi, muka ci shinkafa da wake, muka yi ta hirar kan keken ɗinki. Da yamma ya zaga da ni wani shago inda aka kafa farin faranti bisa rufi, yana kallon sama. Samari sun cika gindin bango, kowa ya duƙa kan salularsa. Abokina ya ce farantin daga tauraron ɗan adam yake ɗauko rezo, wato layin da salula ke kamawa, ya raba wa na kusa. Na yi mamaki, na kuma sami dalilin kwana.

Motar Dungass tsohuwa ce, mutane a ciki, awaki a ƙarƙashin kujeru. Inna ta ba ni ƙullin alkaki in kai wa Sani, na ajiye shi tsakanin ƙafafuna don kada a danne. Muna cikin tafiya na ji ana jan wandona. Kafin in duba wata jar akuya ta huda ledar ta ci rabi. Mai akuyar, wata dattijuwa, ta leƙa ta ce, "Ɗana, ai ta yaba hannun mai yi." Duk motar aka yi dariya. Da za ta sauka ta kwance bakin zanenta ta ba ni dabino cike da tafi, ta ce in haɗa wa mai alkakin. A hanya na cinye dabinon. Wannan ma in an tashi lissafin laifina a sa shi.

A Dungass na tambayi labarin mahaƙa. Mai sai da siminti ya ce ya san su sarai, wurinsa suka ɗauki kaya, kuma wajen Mallawa suka nufa. Wani mai faci a bakin tasha ya ce shi dai ya taɓa ganinsu a Guci. Ko yaro ya san maganar wa za a bi. Na bi ta mai faci. A raina na ce ai tabbatarwa zan yi, amma na san abin da nake yi.

Ban yi nadamar ganin ƙasar Guci ba, sai dai nadamar dalilin zuwana. Mu a wajenmu in rani ya yi gona ta zama fili. Su kuwa suna da fadama, rake tsaye kore shar, ga albasa ga rogo. Na sauka wani ƙauye kusa da garin, maigari ya sa aka share mini zaure. Ba a tambaye ni abin da ya kawo ni ba sai da na ci tuwon gero da miyar kuka na sha fura. Mu da baƙo bai gama ajiye jaka ba mun tambaye shi ranar komawa.

A ƙauyen nan na ga yadda ake farautar rezo. Akwai wani babban gawo bisa tudu a bayan gari. An rataya igiya a reshensa na sama, an ɗaura mata ƙwarya. Da hantsi mutane kan kawo salulolinsu, kowa ya rubuta saƙonsa ko a rubuta masa, a zuba cikin ƙwaryar a ja ta sama kamar tuta. A bar ta can ta ɗan jima, sannan a sauko da ita kowa ya ga abin da ya tafi da abin da ya shigo. Mai son magana baki da baki kuwa sai ya cire takalmi ya hau. Na tarar da wani magidanci can ƙololuwa yana ciniki da wani a Damagaram, hannu ɗaya a reshe, yana ihu, "Ɗaga murya, iska na kaɗa ni." Na sa tawa cikin ƙwaryar. Ta sauko da saƙon maiɗakina: Inna na tambaya ko an gan shi. Na amsa da cewa ana kan nema.

Matar maigari ce ta katse mini yawon. Ta cikin zana ta ce, "Mahaƙan nan ai sun gama rijiyarmu tun sanyi. Suna Rugar Tsamiya, ka wuce Mallawa ka tsallaka iyaka. Ba suna ka ce za a yi ba? Me kake jira a nan?" Na ɗauki jakata.

Mallawa na tarar da kasuwa tana ci. Nan kuɗi biyu ke yawo, dala da naira, mai tallan ƙosai ma ta san canjin ranar. Kaya daga kudu, dabbobi daga arewa, kowa na jin Hausar kowa. Abu ɗaya ne babu: rezo. Dogon ƙarfen rezo na garin ya kwana biyu a mace, an ce wani abu ne ya ƙone a cikinsa ana jiran masu gyara. Mutane na ta ɗaga salula sama suna juyi kamar masu neman jinjirin wata. Na kwana a rumfar wani mahauci da ya ji ni baƙo ne, ya ba ni tabarma da ragowar balangu. Da gari ya waye Laraba ce, jajibirin suna.

Babu mota mai zuwa Rugar Tsamiya, 'yan kabu-kabu kuma suka ce yashi ya yi yawa. Sai aka haɗa ni da Malam Idi, mai amalanken shanu, wanda ke kai wa mahaƙan siminti. Mutum ne mai son magana, ni ma haka, muka dace. Da muka kai wata gona ya nuna mini wani guntun ginshiƙin siminti da akuya ke sosa jiki a kai.

"Ga iyakar nan. Gonata ce. Gerona ɗan Nijar ne, wakena ɗan Najeriya, a tukunya ɗaya suke haɗuwa."

Gaba kaɗan akwai rumfa da ma'aikata biyu. Ɗaya ya karɓi katina ya duba, ya ce me zan je yi.

"Suna zan karɓo, ranka ya daɗe."

"Suna kawai? In ka dawo da shi ka nuna mana, mu ga ko yana biyan kuɗin fito."

Ya miƙo mini katin yana dariya, ya ce a gai da mai jego.

Tsallaken iyaka ƙasar ɗaya ce, gawo ɗaya, yashi ɗaya, sai 'yan abubuwa. Mun tsaya wurin mai shayi a wani ƙauye na ce a ba ni shayi, ina jiran ɗan ƙaramin kofi mai kumfa irin namu. Sai ga wani ƙaton kofi kamar na alwala, cike da madara, da burodi mai laushi kamar katifa. Mai shayin ya ce mini oga. Kabu-kabu a nan acaba ne, rezo kuma netwok. Na sha shayin, kuma don gaskiya ya riƙe ni har la'asar.

Rugar Tsamiya 'yan bukkoki ne na Fulani da tsamiya guda babba. Rijiyar na gefe, an kafa mata itace uku, bijimi na jan igiya yana fito da gugan ƙasa. Na leƙa ciki, sai da idona ya saba da duhu na hango ɗan'uwana can ƙasa, ƙanƙane kamar ƙwaro, yana sara. Ni da ke kukan zafi in na zauna kan keke cikin inuwa, ban taɓa zuwa na ga inda Sani ke samo abin da yake kawo wa Inna ba sai ran nan. Maigidansa, Baba Mato, wani tsoho mai ƙaton hannu, ya sa aka jawo shi. Ya fito jikinsa duk laka.

Na ce, "An sauka lafiya. Namiji."

Sani ya sunkuyar da kai. Bai tambayi yaron ba, bai tambayi uwar ba. Ya ce, "Inna tana lafiya?" Abokan aikinsa suka yi masa ca, wannan ya ce angon ƙarni, wancan ya ce a kawo goro. Shi dai yana ta murza laka a yatsunsa. Da na faɗa masa ranar haihuwar sai ya ɗago.

"Gobe ke nan. Yaushe ka taso, Yaya?"

"Hanya ce ba kyau," na ce.

Baba Mato ya girgiza kai. Ya ce ko yanzu Sani ya kama hanya ba zai kai ko Dungass ba kafin a watse. Ga shi sun kai yashi mai damshi, dole a zura zoben siminti yau da gobe, in aka bari bango zai rufta aikin rani guda ya tafi. Sani ya ce zai taka da ƙafa har Mallawa ya kira. Malam Idi ya ce ƙarfen Mallawa a mace yake. Sani ya zauna bisa buhun siminti. Na sa fuskar tausayi. A cikina kuwa, Allah ya yafe mini, har na fara jin yadda za a riƙa cewa ina ƙaramin Lawali.

Akwai wani mutum zaune gindin tsamiya da akwatin sanyi a gabansa. Malam Garba sunansa, mai yi wa dabbobi allura, daga wani gari na kudu yake zagayo rugage. Duk abin da muke yana ji. Sai ya ce, "Ku mutanen Faransa, akwai mai waya a gidan naku?"

Na ce akwai, har Liman yana da ita, amma ai nan babu rezo.

"Na ƙasa ne babu. Na sama yana nan."

Ya zaro salularsa. Na zaci zan ga wata babba mai ƙaho irin ta sojoji. Irin tawa ce, gilashinta ma a fashe, an ɗaure ta da roba. Ya ce kamfanin layinsa ne ya haɗa kai da masu taurarin ɗan adam, suna gwadawa. In waya ta nemi ƙarfen ƙasa ta rasa, sai ta nemi wanda ke wucewa a sama. Murya ba ta tafiya tukuna, sai rubutu, kuma sai an yi haƙuri.

Na ce, "To ina farantin? Na ga irinsa a Magaria."

"Babu faranti, tela. Ita da shi ne kawai."

Ardon rugar, wani dattijo da ya jingina da sandarsa, ya ce, "Shi tauraron nan, wa ke kiwonsa?"

"Yawo yake irin naku, Ardo. Wani ya wuce wani ya biyo, ba ruwansu da iyaka. Kwanan baya da ciwo ya shiga garken Rugar Yamma, da ita na aika aka kawo mini magani, ban bar shanun ba."

Kowa ya matso yana murna. Ni kaɗai gabana ya faɗi.

Malam Garba ya ce wa Sani, "Faɗi sunan in rubuta." Sani ya dubi ƙasa, yana haƙa yashi da babban yatsan ƙafa. Baba Mato ya ce, "Kai ma dai Garba. Ɗan fari ne fa. A gaban jama'a zai faɗa?" Malam Garba ya ce a yafe shi, ya sa lambar Liman, ya miƙo mini salular ya nuna mini inda ake rubutu, ya koma gefe. Sani allo ya yi, bai san boko ba. Ya ja ni bayan amalanke, ya kafa bakinsa a kunnena kamar yadda ake yi wa jariri, ya raɗa mini sunan.

Sunan mahaifinmu ne.

Da na yi tunani ko kaɗan da na sani tun a gida. Mutumin da bai shekara biyu a ƙasa ba, ga jikansa namiji na farko, sunan wa za a sa? Kowa a Sassumbrum ya san amsar, har Liman da ya tsaya yana dubana. Ni kaɗai son zuciya ya rufe wa ido, har na je na tura mahaifina gefe don in zauna wurinsa. Duk da haka ba zan ɓoye ba, yatsana ya ɗan tsaya bisa gilashin. Ba mai iya karanta abin da zan rubuta a bayan amalanken nan. Sannan na rubuta sunan da aka raɗa mini, na ce daga Sani. Na yi wa kaina alkawari maganar da na yi wa Liman za ta mutu tsakanina da shi.

Sai na yi abin da duk mutumin ƙasarmu zai yi. Na cire takalmi, na sa salular a aljihu, na kama tsamiya na hau. Na kai reshe na biyu wandona ya kama ƙaya ya yage tun daga gwiwa. Na daure na ƙara sama, na kutsa cikin ganye, na ɗaga salular. Ba abin da ya motsa. Da na duba ƙasa na ga mahaƙa sun riƙe ciki, Ardo ma ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Sauko, tela," in ji Malam Garba. "Wannan ba daga gefe yake zuwa ba. Ka je ka sa ganye tsakaninka da shi. Fili yake so."

Duk rayuwarmu mun saba rezo na bisa itace da tudu. Wannan kuwa sai ka rabu da itace, ka fita inda ba inuwa. Muka tafi tsakiyar fili, ni da yagaggen wando, jama'a na biye. Malam Garba ya karɓi salular ya riƙe ta a tafin hannu tana kallon sama. Ba a ganin komai a saman sai shaho guda. Can sai wata 'yar alama ta fito a kusurwar gilashin. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Ya tafi."

Na tsaya ina duban sararin nan. Abin da na kwashe kwanaki ina jan ƙafa a kansa, ya tashi daga hannun mutum a tsakiyar daji, ya hau inda tsuntsu ba ya kaiwa, ya sauka a aljihun Liman kafin a daidaita sahun salla. Ban san waɗanda suka ƙera abin nan ba, ban san addininsu ba, amma Allah ya ba su basira, kuma na yi musu fatan alheri.

Abin da ban sani ba shi ne hanyar tana dawowa. Muna shirin komawa inuwa salular ta yi ƙara a hannun Malam Garba. Tasa ce, don haka ya buɗe ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Liman ne. Ya ce, barka, saƙo ya iso. Amma Lawali ya ce mini Sani ya ce sunansa za a sa. Wanne za mu raɗa?"

Ya kai ƙarshe kafin ya gane abin da ya karanta. Dariyar da ake yi ta ɗauke. Baba Mato ya shiga gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Sani ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ni na faɗa wa Liman haka. Ba ka taɓa cewa ba. Kuma hanya lafiyarta lau, ni ne na yi ta tsayawa."

A hankali Sani ya ce, "Da ka tambaye ni, Yaya." Sai ya ƙara da cewa, "In abin ya dame ka haka, kai ne babba. Faɗi abin da za a rubuta."

Ya bar mini zaɓi a gaban mutane, da zuciya ɗaya. Na karɓi salular na rubuta: Wanda aka aiko yanzu shi ne na Sani. Na farko ni na ƙirƙira. Lawali. Na karanta shi da ƙarfi don Sani ya ji abin da ke ciki.

Sai alamar ta ɓace. Malam Garba ya ce wancan tauraron ya wuce, a jira na bayansa. Kowa ya koma gindin tsamiya, aka bar ni tsaye a fili da hannu a miƙe, rana na dukan ƙeyata, ƙaryata na cikin salula ta ƙi tafiya. In saƙon bai je ba, Liman na da magana biyu a hannu, kuma ban san wadda zai ɗauka ba. Sai na ji an kifa mini wani abu a ka. Sani ne ya zo ya sa mini malafarsa.

"Miƙa hannun waje," ya ce, "kada inuwar ta tare."

Muka tsaya tare. Kafin rana ta faɗi alamar ta dawo, saƙon ya tafi.

Washegari da hantsi Malam Garba ya fita fili ya dawo yana murmushi. Wannan karon ya miƙo mini in karanta da kaina. Liman ya ce an raɗa, an yanka rago, jama'a sun yi addu'a. Sani yana ƙasan rijiya ana zura zobe. Na kwanta a bakinta na ce, "An raɗa." Ƙarar digarsa ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Matar Ardo ta aiko da ƙwaryar nono, muka sha a madadin naman suna. Na roƙi allura da zare na ɗinke wandona, na kuma bi rigunan mahaƙan duk na toshe musu inda ya yage, don abin da na iya ke nan.

Masu tambayata nawa ake biya, da yaushe abin zai zo layukanmu, da ko kowace salula na yi, ban sani ba, kada in ƙara wata ƙaryar. Abin da na gani da idona na faɗa. Na dai yi ta tunanin mutumin nan na ƙololuwar gawo, da matan da ke naƙuda a rugage, da su Sani in bango ya rufta a inda ba mai jin kira.

Komowa ba ta ɗauke ni rabin lokacin tafiya ba, wannan ma shaida ce a kaina. Na tarar labari ya riga ni. Idon Liman ya yi rauni, saƙonninsa maƙwabci ke karanta masa a ƙofar masallaci, da murya mai kyau kuwa. A fada har an sa wa butar shayi suna Lawali, wai don kada in mutu ba takwara. Na karɓa, na cancanci hakan.

Gidan Inna ne na fi jin tsoro. Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa. Ba ta ce mini sannu da hanya ba. Ta tambayi lafiyar Sani, ta tambayi ko alkakin ya isa, na ce rabi. Ta shiga ɗakin mai jego ta fito da yaron naɗe cikin zane. Sunansa ba zai taɓa fita daga bakinta ba, kamar yadda na mai sunan bai taɓa fita ba. Ta ɗora mini shi a hannu.

"Ga babanka nan, Tela. Ni ba ni ka yi wa ba. Ka gaishe shi, ka faɗa masa da kanka."

Yaron na barci, ya dunƙule hannu. Na gyara durƙusona yadda nake yi a gaban mahaifinmu, na cire hula, na ce, "Baba, na dawo. A yi mini haƙuri."